Babur Ɗina Ƙafa Biyu Gare Shi

Aune Kivela,
Gida mai lamba 12, Titin Birch,
Garin Pelto, Gundumar Ostby,
Jihar Michigan.
16 ga Oktoba, 1989.

Zuwa ga:
Mai girma Mista Gordon Halvorsen,
Daraktan Ofishin Gandun Daji,
Gundumar Ostby.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘWACE MINI BABUR DA JAMI'INKU DARRELL VOSS YA YI A BAKIN HANYA TA HUƊU, DA ABIN DA YA BIYO BAYA

Bayan gaisuwa da girmamawa ga ofishinka, ni mai suna a sama, 'yar shekara hamsin da tara, ina gabatar da wannan ƙorafi a rubuce, domin na gabatar da shi da baki har sau biyu ba a saurare ni ba. Shekara ashirin da bakwai na yi ina walda a ma'aikatar gyaran jiragen ruwa kafin in yi ritaya. Na ambaci wannan ne don a san wadda ke magana ta san ƙarfe.

1. Yayana, Reino Kivela, ɗan shekara sittin da takwas, yana zaune shi kaɗai a gidan katakon da mahaifinmu ya gina a bakin Tafkin Heron, tafiyar mil bakwai cikin daji. Ba a isa wurin sai ta Hanya ta Huɗu, wadda ke ƙarƙashin ofishinka. Yana da ciwon suga, kuma idonsa ya daina ganin layukan da ke jikin sirinji. Saboda haka duk Laraba da Asabar nakan je in ɗura masa allurarsa ta kwanakin da ke gaba, in duba ƙafarsa, in bar masa burodi da busasshen kifi. An sha ba shi shawara ya dawo gari. Amsarsa ɗaya ce: "Auta, a nan aka haife ni, a nan za ku zo ku ɗauke ni." Na gaji da jayayya da shi tun tuni.

2. Shekara biyar na yi ina wannan zirga-zirga a kan babur mai ƙafa uku, irin mai manyan tayoyi na shiga daji. A watan Afrilu na 1988 ofishinka ya kafa allo cewa an hana masu ƙafa uku bin Hanya ta Huɗu, sai mai tafiya a ƙasa da babur mai ƙafa biyu. Ina so a rubuta cewa ban ja da wannan doka ba. Ranar 14 ga Yuni, 1987, wannan babur ɗin da kansa ya kife da ni a kwanar gada, ya danne ni, ya karya mini ƙashin wuya. Babu wanda zai koya mini haɗarinsa.

3. Na gwada babura biyu na kanti. Dukansu sun yi mini tsayi, ƙafata ba ta taɓa ƙasa, kuma siraran tayoyinsu na nutsewa a taɓon fadamar da ke mil na uku. Duk sauran shekarar 1988 maƙwabcina Eino Rautio ne ya riƙa goya ni a nasa mai ƙafa biyu, har ciwon baya ya hana shi hawa. Don haka daga Disamba zuwa Afrilun bana na shiga garejina na yanke babur ɗina. Na cire doguwar sandar da ke riƙe da tayoyin baya biyu gaba ɗaya. Na ƙera sabon hannu na riƙe tayar baya da bututun ƙarfe mai kauri, na sa taya ɗaya tak a tsakiya, daidai saitin ta gaba. Na matsar da sarƙa, na sake birkin baya, na rage faɗin kujera, na yi masa ƙafar jingina domin yanzu ba ya tsayuwa da kansa. Sau uku ina warware hannun nan ina sakewa kafin ya daidaita. Daga 3 ga Mayu zuwa 20 ga Satumba na bi Hanya ta Huɗu a kansa sau arba'in da ɗaya, zuwa da dawowa. Ban faɗi ko sau ɗaya ba, ban taka shukar kowa ba.

4. Ranar Asabar, 23 ga Satumba, da misalin ƙarfe tara da kwata na safe, jami'inku Darrell Voss ya tsayar da ni a bakin shingen shiga. Ya durƙusa ya karanta lambar da ke jikin ƙarfen wuyan babur ɗin, ya buɗe littafinsa, ya ce lambar ta mai ƙafa uku ce, don haka na karya doka. Na roƙe shi cikin ladabi ya tashi ya ƙirga tayoyin. Ya ce, kuma na rubuta kalmominsa a ranar don kada in ƙara ko in rage: "Kaka, ni ba tayoyi aka aiko ni ƙirgawa ba, littafi aka ba ni." Na gaya masa cewa a jakar da ke bayana akwai allurar mara lafiya da ke jira. Ya ce in gaya wa tsohon ya dawo cikin mutane, ni kuma in nemi abin yi irin na shekaruna. Na ce masa ni ba kakarsa ba ce, kuma lokacin da na fara riƙe kan walda ko rarrafe bai fara ba. Wannan kaɗai na faɗa. Idan rahotonsa ya ce na zage shi, a kawo shi gabana ya maimaita.

5. Ya karɓe makullin, ya ba ni takardar laifi, ya sa aka ɗauke babur ɗin. Bai tambayi yadda allurar za ta isa ba. Na ɗauki jakata na taka mil bakwai, na isa ƙarfe ɗaya saura. Na taka na dawo.

6. Ranar Talata, 26 ga Satumba, na zo ofishinka. Ma'aikaciyar da ke teburin karɓar baƙi ta ce ba ka nan, kuma ba za a saki babur ɗin ba sai na kawo takarda daga kamfanin da ya ƙera shi mai tabbatar da cewa ƙafa biyu gare shi. Ranka ya daɗe, kamfanin nan yana ƙetaren teku, kuma ƙafa uku ya ƙera. Wadda ta mayar da shi ƙafa biyu ita ce ke tsaye a gaban teburin. Na ce a ba ni takarda in rubuta shaidar da hannuna, aka ce ba a da fom ɗin hakan. Na dawo ranar 3 ga Oktoba, aka ce har yanzu ana duba wane rukuni za a sa shi. Da zan fita na hango shi ta shingen waya a bayan ofis, kwance a gefensa cikin ruwan sama, mai na tsiyaya daga tanki. Ƙafar jinginar da na yi masa tana nan, ba wanda ya damu ya buɗe ta.

7. Na ci gaba da zuwa a ƙasa har sau huɗu bayan na farko. Ranar Laraba, 11 ga Oktoba, na tashi gwiwata ta kumbura, ko takalmi na kasa sawa. Ban je ba. Wannan ce rana ta farko da na saɓa tun bayan da na warke daga karayar da na ambata. Washegari na ɗaure gwiwar na kama hanya da sanda, Eino Rautio ya raka ni duk da bayansa. Mun iske ƙofa a buɗe, murhu ya mutu, Reino a ƙasa kusa da tebur, gumi ya jiƙa rigarsa. Allurar da na ɗura masa ta ƙare, ya ɗura da kansa yana lalube, ya zarce ƙima. Na kira sunansa ya dube ni bai san ni ba. Na shafa masa zuma a dasashi da yatsana har ya fara motsi. Eino ya koma ya kira 'yan kwana-kwana, mutum shida suka ɗauko shi a kan makara ta marasa lafiya har bakin titi, aka wuce da shi asibiti. Likita ya ce da mun ƙara awa biyu da wani zancen ake yi. Ba zan tsawaita a kan wannan sakin ba.

8. Za a sallame shi ranar 27 ga wata. Jiya da na je duba shi, abin da ya fara tambayata shi ne ko na rufe masa tagar ɗakin girki, sannan ya ce, "Ke Auta, kada ki bari su sa ni a gidan tsofaffi, wallahi ta taga zan fita." Na san zai aikata. Zai koma tafkin, kuma dusar ƙanƙara za ta fara sauka kafin tsakiyar Nuwamba.

Bisa ga abin da ya gabata, ina roƙon ofishinka da girmamawa:

(a) A saki babur ɗina kafin ranar 25 ga Oktoba, a yanayin da aka karɓe shi.
(b) A soke takardar laifin ranar 23 ga Satumba. Ban sa mata hannu ba, ba kuma zan sa ba.
(c) A naɗa makanikin da ofishinka ya yarda da shi ya duba waldata a gabana. Idan ya sami tsaga ko ɗaya, ni da kaina zan farfasa babur ɗin da guduma a harabarku.
(d) Jami'i Darrell Voss ya je asibiti, ɗaki na shida, ya ga mutumin da ya ce a gaya wa ya dawo cikin mutane. Ban nemi a kore shi daga aiki ba.

A ƙarshe, domin kada a ce na yi wani abu a ɓoye, ina sanar da ofishinka cewa Eino Rautio ya ba ni tsohon mai ƙafa ukunsa, kuma tun ranar Juma'a na yanke bayan babur ɗin. Wasu gidaje uku da ke da dangi a bakin tafkin sun turo nasu domin in mayar da su ƙafa biyu, suna jere a garejina. Ranar Asabar, 28 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe, za mu kasance a bakin shingen Hanya ta Huɗu, yayana a goye a bayana, ko an amsa wannan takarda ko ba a amsa ba. Idan ofishinka ya ga dacewar a sake ƙwacewa, ina ba da shawara cikin ladabi a zo da babbar mota, a kuma tanadi wanda zai ɗauki tsohon a kafaɗa.

Ina fatan Allah ya ƙara maka lafiya da basirar duba wannan lamari.

Taka mai biyayya ga doka,

(sa hannu)
Aune Kivela,
Mai walda, mai ritaya.

Kwafi zuwa ga: Majalisar Gundumar Ostby.