Lallen da Na Ɗiga a Fuskar Kwamfuta

Zuwa ga jikana Abdulmutalib a Legas,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan Yammedi lafiya lau, an cire gyaɗa, dawa ma ta yi kyau. Sai dai yayata Hajo da ke Beli, jikin nata sai addu'a. Matar kawunka, Malama Munawwara, ke rubuta mini, na kuma ce kada ta tausasa ko kalma ɗaya.

Kwamfutar da ka bar mini don in riƙa naɗar tarihin gidanmu ta ci amanata. Ka tuna da bakinka ka yabe ta, wai tsarin da ke cikinta na kyauta ne, kowa a duniya yana iya sa masa hannu ya gyara. To, sun sa hannun. Ka san ba na karatun boko, don haka na ɗiga lalle a gilashin, daidai kan ɗan hoton da ke ɗaukar murya, kamar yadda muke dasa gamba a iyakar gona. In kai 'yar kibiyar nan da ke yawo a gilashin kan lallen, in danna, shi ke nan. Da haka na naɗi zuwan kakanninmu daga Rogo da rabon gonakin fadama.

Ranan nan kwamfutar ta nemi wai a sabunta ta, Munawwara ta yarda mata. Da kwamfutar ta farka sai fuskarta ta canja. Ban kula ba, tunda lallena yana wurinsa. Na ɗauke ta zuwa Beli, domin Hajo kaɗai ta rage da ta san dangin iyayenmu mata, wa ta haifi wa, wa aka kai wane gari. Na danna kan lallen, Hajo ta yi ta zuba tun hantsi har azahar, tana tari tana ci gaba. Ashe ɗan hoton ya ƙaura, abin lissafi ne ya zauna a gurbinsa. Baiwar Allah ta ƙarar da numfashinta a gaban abin lissafi! Har yau ban iya gaya mata ba.

Na kai kwamfutar wurin Kabir mai gyara a Karaye. Ya buɗe wani baƙin allo ya yi ta rubuce-rubuce, layin 'yan hotunan da ke ƙasan gilashin ya ɓace gaba ɗaya, rubutu ya kumbura. Daga nan ya ce a share komai a zuba tsari irin na kowa. Na ce ya fara share nasa kakannin, na ɗauke kayata. Munawwara kuma ta bi abin da ka faɗa a waya, ta koma shafin da ake shiga da suna, ta danna hoton ɗan gargaren da ke gefen sunana, ta zaɓi tsohuwar fuskar. Launin ya dawo, amma hotunan sun jeru wai bisa haruffa. Ni ina ruwana da haruffa? Wane irin mutum ne zai shiga ɗakin tsoho ya sauya wa buta wuri, ya ce gyara ya yi? Tir da wannan gyara.

Munawwara ta ce in goge lallen in ɗiga sabo. Ba zan goge ba, gobe ma sai su sake matsawa. Ka zo da kanka, ko ka faɗa mata yadda za ta kafe hoton nan kada ya ƙara motsi, kuma ka hanzarta. Muryar Hajo kullum raguwa take, abin da na riƙe daga bakinta bai kai rabi ba.

Ka gaida matarka Bahijja, ka shafa mini kan ɗanka Mujahid. Kawunka Ƙasimu da Talatu suna gaishe ka. Hajo ma ta ce a gaishe ka, wai ka saurari abin da ta faɗa ka gaya mata ko muryarta ta fita sosai.

Kakanka,
Sulle Yammedi