Baro Takwas na Tsakuwa

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Umma. Ya ƙoƙarin aiki?

Baba, ranar Asabar za a sallamo surukata daga asibiti, kuma likita ya ce kada ƙafarta da aka ɗora ta taka santsi. Ka san tsakar gidanmu, daga ƙofar ɗakinta zuwa famfo duk taɓo ne. Na ce wa maigida kada ya kira kowa, ni 'yar magini ce, ni da ƙaninsa za mu zuba daɓen kankare. Har na hango ta tsaye a kai tana sa mini albarka da hawaye, kamar wata suruka a littafin da nake karantawa.

Tsawon ƙafa goma sha biyu ne, faɗin shida, kaurin inci huɗu. Baro nawa na tsakuwa zan sa a kawo?

'Yarka mai biyayya.

*

Uwata,

Na amsa gaisuwa. Allah ya ba surukarki lafiya.

Ba na faɗin tsakuwar ƙasar da ban taka ba. Ki fara daidaita wurin, ki kafa katako, ki ja zare a kai, ki auna zurfi a wuri biyar ko fiye. Inda ruwa ke kwanciya akwai rami, rami kuma cin tsakuwa yake yi. Ki aiko mini da awon, ki rufe littafin nan na kwana biyu.

Babanki.

*

Baba,

Ina gaisuwa, amma da ƙyar na ɗaga biron nan.

Ban jira ba. Na ga Asabar ta matso, sai na auna zurfi wuri ɗaya kawai, a bakin ƙofa, na yi lissafina ya ba ni baro takwas. Maigida ya tambaya ko na tabbata. Baba, buɗar bakina sai na ce kai ka faɗa. Ya ce, "To ai magana ta ƙare."

Mun fara da safe. Ƙaninsa na kwaɓawa yana zolayata, "Injiniya, a ƙaro ruwa ko a jira babi na gaba?" Muna zuwa kusa da famfo ƙasa ta zurma, wurin ya shanye baro biyu kamar ba a zuba ba. Tsakuwa ta ƙare saura taku uku. Ƙanin maigida ya ce mu tsaya. Na ce a'a, mu ƙarasa da yashi da siminti, na shafe saman sumul yadda ba mai ganewa.

Jiya surukata ta fito alwala. Sandarta na sauka wurin, gefen ya ɓalle. Da ba don ta kama bakin famfo ba, da sai dai mu koma asibiti. Ba ta yi faɗa ba. Ta dubi ɓaraguzan ta ce, "Ikon Allah, ashe babban magini ma yana kuskure. Kada ku faɗa masa, zai ji kunya."

Ina tsaye da buta a hannu, na bar laifin a kanka. Shekara talatin kana gini ba wanda ya taɓa faɗin haka a kanka, sai ta dalilina.

Ka yafe mini.

*

Uwata,

Alhamdu lillahi da ba ta faɗi ba. Daɓe ba komai ba ne, yini ɗaya ya ishe ni in fasa in sake. Zan zo Laraba da guduma. Amma ba zan zauna in gaisa da surukarki tana tausaya mini a kan abin da ban yi ba, ba kuma ni zan tona ki ba. Ki rubuto in ji ko in taho.

Babanki.

*

Baba,

Ina gaisuwa. Na faɗa musu gaskiya yau, ita da maigida da ƙaninsa, a tsakar gida. Maigida bai yi mini magana ba tukuna. Surukata ta ce, "Dama na yi mamaki," sannan ta miƙo mini sandarta ta ce in auna da ita.

Na auna wuri bakwai, awon yana bayan takardar nan. Ka taho.

'Yarka.