Teku a Jakar Hannu

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin Baba? Allah ya ƙara masa sauƙi. Ki karanta masa takardar nan a hankali, amma ki tsallake inda na yi ƙorafi.

Na sauka lafiya. Masaukin da na kama shi ne mafi araha a garin: mu takwas a ɗaki, gadaje masu hawa biyu, ni ce a sama. In na juya gado ya yi ƙara, in na tashi zaune kaina ya gaisa da silin. Kicin ɗaya gare mu, kowa ya rubuta lambar gadonsa a jikin ledar abincinsa. Mota kuwa ban hau ba tun zuwana, da ƙafa nake taka garin nan har takalmina ya fara buɗe baki. Kin san ni da ƙafar yawo, amma wannan karon ba daɗi ke kai ni ba. Zama ne na kasa.

Ki gaya wa Baba na ga teku. Shekara talatin yana zana shi da alli yana koya wa 'ya'yan mutane, shi bai taɓa ganinsa ba. Bai yi ƙarya ba, ba a hango ƙarshensa. Abin da bai faɗa mana ba shi ne ƙarnin kifi.

Kin tuna ranar da zan taho? Ya riƙe ni da hannunsa mai lafiya, ya ce in kawo masa teku ya tsoma ƙafa. Kika yi dariya, ni ma na yi, shi bai yi ba. To na sayi jarka biyu na cika su, suna nan ƙarƙashin gado.

Ki gaishe min da kowa.
Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na ga saƙonki cewa Baba ya rage cin abinci. Tun daga lokacin hankalina ba ya jikina. Wannan kada ki karanta masa.

Na yi wauta. Mai kula da masauki ya ga jarkunan ya tambaya, na yi masa bayani da hannu da ƙafa, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe tikitina mai araha jakar hannu kaɗai ya yarda da ita, kuma ba a shiga jirgi da ruwan da ya wuce 'yar kwalbar turare. Kuɗin awon kaya kuwa ya fi ƙarfina. Kwalbar turare, Yaya! Ko babban yatsan Baba ba zai jiƙa ba.

Na fita na yi ta zagaye, daga tashar jiragen ruwa zuwa kasuwa, daga kasuwa in komo, ban san me nake nema ba. Sai na tuna ranar da Baba ya ajiye faranti da ruwan gishiri a tsakar gida, ya sa mu gadinsa kada kaji su sha. Da yamma ruwa ya tafi, gishiri ya zauna.

Na dawo da gudu na juye jarka guda a babbar tukunyar kicin na ɗora a wuta. Awa uku tana tafasa, tagogi suka yi gumi, masu son dafa abinci suka yi layi suna harara ta. Mai masauki ya zo ya kashe gas, ya yi ta faɗa da yarensu. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na gane duka. Ya hana ni taɓa murhu har in tafi, dole na mayar da sauran ruwan cikin jarka.

Saura kwana biyu. Ki yi min addu'a, ki kuma lallaɓa shi ya ci ko kaɗan ne.

Taki,
Auta

Yayata abar ƙaunata,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata jikin Baba da sauƙi, ke ma kin samu kin ɗan huta. Daga filin jirgi nake rubuto miki, a tsaye, don kujera ta gagare ni.

Wata dattijuwa mai suyar kifi a bakin ruwa ce ta fitar da ni. Ta ga ina jan jarkuna kamar wadda aka kora daga gida, ta yafito ni. Na nuna mata hoton Baba a waya, na nuna ƙafata, na nuna teku. Ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta sauke kaskonta ta ba ni wuta da tsohuwar tukunya. Wuni biyu ina fifita garwashi, ita tana korar masu zuwa kallo. Gishirin da ya fito bai cika gwangwanin madara biyu ba, ga shi da ɗan duhu. Na miƙa mata kuɗi, ta buge min hannu.

A wurin bincike suka ga gari fari-fari ƙulle a leda, nan take fuskoki suka canza. Kafin su ce komai na dangwala na lasa a gabansu, na yamutsa fuska. Duk da haka sai da suka gwada shi a na'ura, suka tsare ni rabin awa, sannan suka miƙo min abina.

Yaya, akwai maganar da na kasa faɗa miki a gida. Ba hutu na zo ba, gudu na yi. Wata takwas ke ce mai juya shi, ke ce mai wanke shi, ni kuwa in leƙo in gaishe shi in fice, don ba na iya kallon mutumin da ya koya mana tafiya a kwance. Ina gaban wutar nan na ji kunyar kaina ta kama ni. Ki yafe min. In na dawo ɗakinsa zan tare, ke ki koma gidanki ki yi barci.

Ki wanke babbar robar nan ta wanki, ki tanadi ruwa jarka biyu mai ɗan ɗumi, kada ya wuce biyun, don in mun narkar da gishirin awon ya yi daidai. Ki gaya masa gobe da hantsi ya shirya naɗe wando. Ke za ki riƙe ƙafar dama, ni in riƙe ta hagu.

Sai na iso.
Ƙanwarki mai ƙafar yawo,
Auta