Ganyen Maramiyya da Nonon Falmata

Fagge, Kano, 1954

Zuwa ga ƙanena Gana a Fallomi,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, Allah ya ƙara maka ita, ya buɗa kasuwa. Mu nan sai godiya. Kakarmu ta warke, matarka Falmata da jaririnku Almu suna lafiya yanzu. Na ce yanzu, domin mun ga abin da ba zan taɓa mantawa da shi ba.

Kwanan baya maƙogwaron Kaka ya kumbura. Matar Balaraben Sham ɗin da nake yi wa ɗinki ta tsinko mana wani ganye da take shukawa a gwangwani, fari-fari mai laushi kamar kunnen ɗan akuya, wai shi maramiyya. Kaka ta dafa ta kurkure baki, ta sha saura, ciwo ya tafi kamar an cire ƙaya. To, ka san Kaka! Da ta ji daga ƙasar Annabawa ya fito, sai ta ce ai albarkarsa ta fi dacewa da maijego. Kullum sai ta zuba shi cikin kunun kanwar Falmata.

Gana, sai nono ya ɗauke ƙaf. Almu ya yi kuka har muryarsa ta dushe, ya ƙi madarar gwangwani, maɗigarsa ta faɗa. Wallahi na tsorata, har na fara tunanin da wane baki zan sanar da kai. Ana cikin haka Philomena ta shigo sayen man gyaɗa, matar makanikin nan ta Sabon Gari, goye da 'yarta Uchechi. Tun rigimar bara tsakanin 'yan gari da mutanen Sabon Gari ba ta tako Fagge ba sai ranar. Ta dubi yaron, ba ta tambayi kowa ba, ta zauna a tabarmar Kaka ta sa shi a nono. Haka ta riƙa zuwa safe da yamma.

Da na ba Balarabiyar labari, sai ta dafe kai, ta ce a garinsu da ganyen nan mata suke ƙafar da nono in za su yaye. Ikon Allah! Ganye ɗaya ya warkar da tsohuwa, ya kusa kashe jariri. Aka daina, nono ya dawo a hankali.

Na tambayi Malam hukuncin nonon Philomena da Almu ya sha, ya ce shan ya wuce ƙa'idar da ke haramta aure nesa. Saboda haka ka sani, ɗanka yana da uwa ta biyu a Sabon Gari, Uchechi kuwa 'yar'uwarsa ce ta nono, babu aure tsakaninsu har abada. Kaka da kanta ta ce ranar yayensa sai an kai shi ya gai da uwarsa ta Sabon Gari.

Ka gaishe mini da Baba Wali da Inna Yakaka. Falmata tana gaishe ka, Philomena ma ta ce a gai da baban ɗanta.

Ni ne yayanka,
Dabo Tela