Piyanon Abla Fatna a Saman Bene

Sultana, Madina
Safar 1421

Zuwa ga 'yata Rumaisa,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya karatu, yaya Alƙahira? Kina cin abinci kuwa? Muna lafiya, sai ƙafata.

Ki yi haƙuri, Allah ya yi wa Abla Fatna rasuwa ranar Laraba, an kai ta maƙabartar Baƙi'a. Tun ina yi mata shara kina ƙarama ta ɗora yatsunki a kan piyano, ni kuma ta koya min wannan rubutun da furfurata. Ta bar wasiyya a ba ki piyanon da ta tsara kiɗanta a kansa. An kawo shi. Na adana miki shi, kada ki damu.

Mahaifiyarki,
Tasallah

Jimada Ula 1421

Rumaisa 'yata,

Ina gaishe ki, da fatan kina lafiya. Kin ce za ki zo hutu ki buga mata kiɗan nan da ta tsara miki. Tun da na karanta na kasa cin abinci.

Da na ce na adana, ban faɗi inda na sa shi ba. Na ji tsoron bakin maƙwabta, kada a ce gidan Tasallah ana kiɗa a garin Manzo. Sai na sa 'yan dako suka hau da shi saman bene, na lulluɓe da bargo biyu. Na ɗauka katako ne kamar kabad. Kin san zafin ranar Madina. Jiya na ɗaga bargon, na tarar bayansa ya tsage, haƙoransa da ake dannawa da yawa sun nutse, ba sa tashi. Abla, baiwar Allah, ko kofin shayi ba ta yarda a ɗora masa ba, ni na ba wa rana shi wata uku.

Yau na sa an sauko da shi falo, ƙarƙashin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, inda duk mai shigowa zai gani. Zaituna maƙwabciyarmu ta tambaya, na ce mata piyano ne, na 'yata ne, kuma za a buga shi.

Na danna haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Wasu suna amsawa. Ban san ko sun isa kiɗan Abla ba, ke za ki sani. Ki yafe min, ki zo.

Mahaifiyarki mai kewarki,
Tasallah