Alhaji Ya Ce In Faɗi Wace Jarrabawa Ta Fi Wuya

Assalamu alaikum Malam. Don Allah ka agaza mini da shawara. Kaina ya kulle, kuma ba ni da wanda zan kai wa maganar nan a gida.

Ni mutumin Kaura Namoda ne. Bana na gama jami'a a Sakkwato, na karanta Tarihi, ina jiran tafiya bautar ƙasa. Ta makarantar share fage na shiga, inda muka zana IJMB. Ƙanena Jibrin kuwa JAMB yake yi, yana son zama injiniya. Sau biyu yana zuwa Gusau ya zana. Na farko ya ci 178 cikin 400, na biyu 191. Bai samu gurbi ba.

Mahaifinmu Alhaji yana da babbar mota mai ɗauko hatsi daga Shinkafi da Zurmi, wani Gado ke tuƙa masa ita. Bai yi boko ba, amma ba ya mantuwa. Ya ga ni makonni na yi ina rubuta jarrabawar IJMB, har yatsana ya yi kanta. Jibrin kuma ya tafi da fensir ran Asabar ya dawo a ranar. Da ya ji wai amsar ma tana cikin takarda, sai dai ka zaɓa ka shafa baƙi, sai ya ce, "Ashe tuwo aka aza gabanai ya kasa sa hannu? Wanga ko Gado direba yana ci."

Ran Juma'a ya zaunar da mu a zaure. Ya ce ni ne mai bokon gidan, in faɗa masa tsakanina da Allah jarrabawar da ta fi wuya, tawa ko ta Jibrin. In ta Jibrin ce, zai bar shi ya sake. In tawa ce, to lalaci ne, Jibrin zai bi Gado a mota da zarar an fara kwasar gero.

Malam, ban san amsar ba. Na ari tsofaffin takardun Jibrin, amma Turancin kawai na iya gwadawa, don rabona da kimiyya tun aji uku. Lokaci ya ƙare ban kai ƙarshe ba, ko da yake yawancin abin da na amsa daidai ne. Wuya ce, ko ni ne mai nawa? Na tambayi abokaina biyu da suka zana duka biyun, kowa ya rantse a kan tasa daban.

Jibrin ya daina cin abinci tare da ni. Jiya ya tare ni a soro ya ce, "Yaya, kalma guda ce fa. Ko ita ma sai ka duba littafi?" Innarmu ma ta ce in tausaya. To amma Alhaji ya haɗa ni da Allah. In na ce ban sani ba, zai ɗauka ina rufa wa Jibrin asiri ne. Ga shi an fara yankan gero. Yaya zan yi?

Naka,
Ɗan Kaura mai ruɗaɗɗen kai

AMSA

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka kyauta da ka ƙi rantsewa a kan abin da ba ka tabbatar ba. Sai dai ka san fiye da yadda kake zato.

Taka doguwa ce, tana son zurfin karatu da iya bayani, amma malami kan ba da rabin maki. Ta Jibrin gajera ce, lokacinta a ƙure, an kewaye amsar da wasu masu kama da ita, kuma ba rabin maki. Ga masu nema da yawa, gurbi kaɗan. Ka faɗa wa Alhaji da harshen sana'arsa: ɗaya tafiyar Ikko ce da kaya, ɗaya kuma ƙaramar gada ce da motoci ɗari ke rububin hawa.

Kada ka ga baƙin Alhaji. Uba ne da ya ga saurayi a zaune shekara biyu, dole ya damu. Jibrin ma bai kyauta ba da ya nemi ka yi ƙarya, amma wanda makinsa ke hawa bai kwanta ba.

Ka fara zama da Jibrin. Ka lallashe shi ya yarda ya bi Gado har a gama kwasar hatsi, wannan ba faɗuwa ba ce. Daga nan ya koma karatu da agogo a gabansa. Kada kuma ya tsaya a ƙofa ɗaya, ya nemi share fage irin taka, da kwalejin kimiyya da fasaha da ke garinku. Sai ku je wurin Alhaji tare, da wani malamin Jibrin da Alhaji ke jin nauyinsa.

In ya dage sai kalma guda, ka ce, "Baba, ban san wadda ta fi wuya ba, amma na san Jibrin ba malalaci ba ne." In har ka tabbata da haka, a kan wannan kaɗai za ka rantse.

Allah ya sanyaya zuciyar Alhaji, ya buɗa wa Jibrin, kai kuma ya kai ka bautar ƙasa lafiya.