Ƙofar Baba ta sake cijewa

Riruwai, daren Laraba

Yau na koya wa ɗalibaina darasin murjani, abin nan mai rai na cikin teku da ake yin duwatsun ado da shi. Ba ya rayuwa sai a ruwa marar zurfi, inda hasken rana ke kaiwa. In an tsince shi matacce can ƙasan teku, gefen tsibirai masu aman wuta, to ƙasar ce ta nutse da shi sannu a hankali.

Na dawo gida na tarar ƙofar ɗakin Baba ta sake cijewa, karo na uku. Tsohon ramin haƙar kuza kuwa ta ƙarƙashin unguwarmu ya bi.

Na ce, "Baba, don Allah ku kwana a ɗakina."

Ya ce, "Danshi ne ya kumbura katakon. Kira kafinta ya sake rage ta."

Wane danshi? Wata huɗu rabonmu da ruwan sama. Yana can ciki yana barcinsa, ni na kasa.